Baƙin Halittun Warhammer 40,000: Kowa da Abin da Ya Sayar Don Ya Rayu

A shagunan kamfanin Games Workshop da ke biranen Ingila da sauran ƙasashen Turai da Amurka, akan tarar da mutum biyu tsaye a gefen faffaɗan tebur, kowa da tef ɗin awo a hannu da tulin ƙwayoyin lido a gabansa. A kan teburin an jera kangayen gidaje na roba, a tsakaninsu kuma ga 'yan mutum-mutumi, akasarinsu ba su kai tsawon yatsa ba. Mai su ne ya sayo su a warwatse, ya haɗa da gam, ya zauna da siririn buroshi ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya auna inci shida ya matsar da sojansa, ya watsa ƙwayoyi a ga ko harbinsa ya samu. Wancan ma ya watsa nasa a ga ko sulke ya tare. Wasan Warhammer 40,000 ke nan, wanda Rick Priestley ya rubuta ƙa'idojinsa na farko a 1987, bugu na goma kuma ya fito a 2023.

An kafa kamfanin a Landan a 1975, yanzu hedkwatarsa tana Nottingham, kuma a watan Disamba na 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannayen jari ta Landan. Roba kaɗai ba za ta kai shi nan ba, labarin da aka rataya wa robar ne ya kai shi. Kowace runduna tana da littafinta da ake kira Codex, wanda ya haɗa ƙa'idojin wasa da tarihin al'ummar, sannan tun 1997 kamfanin yake da reshen ɗab'i mai suna Black Library da ya fitar da ɗaruruwan littattafai. Duk ƙagaggen labari ne, har da alloli da aljanun da ke cikinsa, kuma a haka ya kamata mai karatu ya ɗauke shi.

Labarin yana faruwa ne wajen shekara ta 40,000. 'Yan Adam sun bazu a duniyoyi kusan miliyan guda ƙarƙashin daula ɗaya, Imperium, wadda sarkinta ya shekara 10,000 a kan wata karagar zinariya mai inji, ba shi a raye sosai, bai kuma mutu ba. Duk wata halitta mai hankali da ba ɗan Adam ba, daular tana kiranta Xenos, kuma hukuncinta ɗaya ne: a shafe ta. A nawa ganin, a wajen waɗannan baƙin halittu ne marubutan suka fi zuba basira. Sun ɗauki tambaya guda suka jefa wa kowace al'umma: idan ƙarewa ta tunkaro ku, me za ku yarda ku rabu da shi don ku tsira?

Babu wanda ya amsa ta da tsada kamar Necron. Shekaru miliyan 60 kafin zamanin wasan, su mutane ne masu jini da tsoka da ake kira Necrontyr, suna zaune ƙarƙashin wata muguwar rana da haskenta ke jawo musu cututtuka da gajeren kwana. Biranensu sun fi kama da maƙabartu, domin rayayye baƙo ne na ɗan lokaci. Da suka haɗu da wata tsohuwar al'umma mai tsawon rai, wadda ake kira Tsofaffi, sai hassada ta ci su, suka ɗaura yaƙi, suka sha kashi. Cikin wannan hali suka gano wasu halittu masu shan ƙarfin taurari, C'tan, suka ƙera musu jikin ƙarfe, suka ɗauke su alloli. Ɗaya daga cikinsu, wanda daga baya aka laƙaba wa suna Mayaudari, ya yi wa sarki Szarekh tayin da ba ya ƙiyuwa: jikin da ba ya ciwo, ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Aka tura al'umma kaf cikin manyan tanderu, masu so da waɗanda aka ja da sarƙa. Suka fito da jikin ƙarfe, su kuwa C'tan suka lashe kurwarsu.

Szarekh ya gane an cuce shi bayan bakin alƙalami ya bushe. Ya haɗiye, ya jira har aka ci Tsofaffi da yaƙi, sannan ya juya kan C'tan ya farfasa su gunduwa-gunduwa, ya kulle gutsattsarin. Daga nan ya umarci mutanensa su shiga kushewu su yi barci, shi kuma ya fice daga tarin taurarin da suke ciki gaba ɗaya saboda kunyar abin da ya jawo. Yanzu suna farkawa, kuma dogon barcin ya taɓa kan da yawa. Talakan Necron dama an bar shi ba tunani, sai bin umarni. Sarakuna da hakimai ne suka tsira da hankalinsu, su ma da tabo.

Dubi Zahndrekh, ɗaya daga cikin gwanayen kwamandojinsu. Shi har gobe gani yake yana da jini da tsoka, kuma abokan gabansa 'yan uwansa ne Necrontyr da suka yi tawaye. Idan ya kama shugaban maƙiya sai ya karrama shi kamar baƙo. Yana ajiye masu ɗanɗana masa abinci don gudun guba, alhali rabonsa da loma tun kafin a yi ɗan Adam. Dogarinsa Obyron ya san gaskiya sarai, amma bai taɓa tona masa ba, sai dai ya riƙa bin bayansa yana gyara abin da ya ɓata. Wannan ɗan labari yana taɓa ni fiye da manyan yaƙe-yaƙen da ke cikin littattafan, domin ya nuna asarar a jikin mutum guda da amanar wanda ya tsaya masa.

Ba haka Necron suka fara ba. Da suka fito a 1998 injinan kisa ne marasa magana, littafinsu na 2002 kuma ya nuna su a matsayin bayin C'tan. Littafin 2011 ne ya ba su gidajen sarauta da sunaye da ado irin na Fir'aunonin Masar. Wasu tsofaffin 'yan wasa sun yi ƙorafi cewa an rage musu kwarjini. Ni ina ganin gyaran ya yi daidai, don abin da ba ya magana tsoro kawai yake bayarwa, ba ya sa a yi tunani. A kan tebur kuwa tarihin nan ya zama ƙa'ida: sojan Necron da aka kayar yana iya haɗa kansa ya sake miƙewa.

Aeldari, waɗanda aka daɗe ana kira Eldar, tasu masifar daga wadata ta zo. Sun mulki taurari har aiki ya ƙare musu, injuna na yin komai, sai suka dulmuya cikin holewa da neman daɗi, daga nan zuwa zalunci. A wannan labari akwai wata ɓoyayyar duniya, Warp, inda motsin zukatan masu rai ke taruwa ya yi jiki. Shaƙiyancin Aeldari ya taru a can har ya haifi Slaanesh, wadda suke kira Mai Ƙishirwa. Ranar haihuwarta ta zuƙe kurwar mafi yawansu, ta bar wani ƙaton rami a sararin samaniya a inda daularsu take.

Waɗanda suka hango abin tun da wuri sun tsere a jiragen sama masu girman ƙasashe, irin su Ulthwé da Biel-Tan da Iyanden. Kowane mutum a cikinsu yana rataye da wani dutse a ƙirji wanda zai kama kurwarsa idan ya mutu, kada ta faɗa bakin Mai Ƙishirwa. Sun kuma ɗaure kansu da tsauraran hanyoyin rayuwa: mutum ya zaɓi sana'a guda, ko yaƙi ko sassaƙa ko duba, ya ba ta dukkan zuciyarsa, don kada zuciyar ta samu sarari ta koma gidan jiya. Da maƙiya suka kusa ƙarar da mutanen Iyanden, dole ta sa suka riƙa ɗauko kurwar matattunsu suna sa wa a jikin mayaƙan da aka ƙera, abin da su kansu suke ɗauka abin kunya. Shi ya sa rundunar Aeldari a tebur take da sauri da kaifi, amma ba ta jure duka. Kowane rai ɗaya yana da tsada a wurinsu.

'Yan uwansu Drukhari, mazauna ɓoyayyen birnin Commorragh, sun ƙi tuba. Kurwarsu tana tsiyayewa a hankali, sai suke cike gurbin da azabar wasu, don haka rayuwarsu ta zama farautar bayi. Su tausayi suka sayar.

Ork su ne dariyar wasan, amma dariya mai haƙora. Korayen ƙarti ne da jikinsu ya haɗa dabba da naman kaza. Ba sa haihuwa, wata ƙurar iri suke zubarwa, musamman idan sun mutu, ta tsiro ta zama sababbi, saboda haka duniyar da suka taɓa sauka da wuya ta rabu da su. Haƙoransu ne kuɗinsu, wanda ya tsiyace sai ya nemi wanda zai fasa wa baki. Marubutan sun aro halinsu da lafazinsu daga 'yan tarzomar filayen ƙwallo na Ingila. Abin da suka yi imani da shi a taron dangi yakan ɗan tabbata: sun yarda jar mota ta fi gudu, kuma a wasu tsofaffin bugu na wasan, jan fenti yana ƙara wa motar Ork inci ɗaya na tafiya. Tsofaffi ne suka ƙirƙiro kakanninsu don su yaƙi Necron, yaƙin ya ƙare, makamin ya rage ba mai shi. Ork ba ya tsoron mutuwa, ba ya nadamar jiya, don haka tambayar nan ba ta shafe shi ba.

Tyranid ma ba ta shafe su ba, ta wata fuskar. Daga wajen tarin taurarin suka zo, a ayarin jirage masu rai, kuma hankali ɗaya ne ke juya biliyoyinsu. Tamkar farin ɗango suke, sai dai su ba ganye kawai suke ci ba: dabbobi da mutane da ruwan teku da iskar shaƙa duk suna zuƙewa, su bar duniya dutse tsirara, su sarrafa abin da suka ci su ƙera sababbin mayaƙa. An sa musu sunan ne daga Tyran, duniyar farko ta daular da suka cinye. Kafin su iso sukan tura wani ɗan aikensu mai suna Genestealer, wanda ke shiga cikin jama'a ya gurɓata zuriya, ya kafa ƙungiyar asiri a tsakanin ma'aikatan ma'adinai da talakawan da daula ta danne. Waɗannan bayin Allah suna tawaye da imanin masu ceto na tafe daga sama, ranar da masu ceton suka sauka kuma da su ake farawa. Zaluncin daular ne ke buɗe wa maƙiyinta ƙofa, marubutan kuma ba su ɓoye hakan ba. Tyranid ne abokan gaba a akwatin wasan mai suna Leviathan na 2023 da wasan bidiyo na Space Marine 2 na 2024, kuma ganin su ne ya sa Szarekh ya katse gudun hijirarsa ya dawo.

T'au su ne auta a cikin waɗannan, a 2001 aka shigo da su, da sulken inji da aka aro salonsa daga zanen katun na Japan. Shekaru 6,000 kafin zamanin wasan masu binciken daular sun same su ba su wuce farauta da mashi ba, aka sa ranar share su, guguwar Warp ta tare hanya. Da aka sake haɗuwa sun ƙera bindigogin da suka fi na ɗan Adam. Aƙidarsu ita ce Maslahar Kowa, kuma su kaɗai ne ke fara aiko jakada kafin soja. Al'ummar Kroot da Vespid, har da wasu 'yan Adam, sun shiga inuwarsu. Sai dai an raba su aji biyar, Wuta da Ƙasa da Ruwa da Iska da ajin shugabanni, ba auratayya, ba sauya aji, kuma littattafan baya sun yi ta nuni da cewa biyayyar da ake yi wa shugabannin ba ta son rai ba ce zalla. Babban kwamandansu Farsight ya ɓalle ya kafa nasa yankin. A nan ina da ja da marubutan. Sun yi ta shafa wa T'au baƙi don kada a ce akwai na kirki a labarin, alhali al'umma guda mai kyakkyawar niyya a cikin wannan duhu ta fi fito da munin sauran.

Daular 'yan Adam fa, me ta sayar? Kusan komai. Kullum ana sadaukar da mutum dubu masu baiwar ƙwaƙwalwa don karagar sarki ta ci gaba da aiki. Bincike laifi ne, tambaya ridda ce, kuma ana iya ƙone duniya guda da mutanenta da sa hannun jami'i ɗaya. Yawancin abin da muke karantawa game da baƙin halittu daga bakin wannan daula yake fitowa, don haka sai an tace. An gina ta ne tun farko a matsayin zambo ga mulkin kama-karya, amma wasu masu sha'awar wasan sun ɗauki zambon a matsayin yabo. A watan Nuwamba na 2021, bayan wani ya halarci gasa a Sifaniya sanye da alamun 'yan Nazi, kamfanin ya fitar da sanarwa cewa daular ba abin koyi ba ce, ƙiyayya ce ke tafiyar da ita, kuma masu ɗauke da irin waɗannan alamu ba su da wuri a tarukansa.

Wasan yana da tsada, yana kuma cin lokaci, amma labarin ba ya buƙatar sayen roba ko ɗaya. Mai karatun da ke jin Turanci kuma yake son leƙawa, shawarata ya fara da The Infinite and the Divine na Robert Rath, wanda ya fito a 2020. Labarin wasu dattawan Necron biyu ne, Trazyn mai tara kayan tarihi da Orikan masanin taurari, da suka shafe shekaru dubbai suna gaba a kan abu guda, kuma daga idon baƙin ake kallon ɗan Adam a cikinsa.