Ɗalibi Mai In'ina a Gaban Aji

A kwalejoji da lise-lise na Tasawa da Mayahi, ranar espoze ranar fargaba ce ga mai in'ina. Mushe, wato malami, ya raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kowa ya fito gaban allo ya yi bayani da Faransanci, harshen da ba shi aka sha a nono ba. Yaro ya san darasinsa sarai, amma harafin farko ya maƙale, ƴan bayan aji su tuntsire da dariya.

Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na yara kan yi in'ina, galibi daga shekara 2 zuwa 5, yawancinsu kuma ta sake su. Kusan kashi 1 cikin 100 na manya ke rayuwa da ita, maza sun fi mata yawa. Tana bin jini: a 2010 masu bincike a Amurka sun gano ƙwayoyin gado masu alaƙa da ita a wasu iyalai na Pakistan. Tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke tsara fitar magana, don haka askar wanzami ba ta da aiki a nan. Fargaba tana tsananta ta, amma ba ita ke haifar da ita ba.

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya ga abin mamaki: mai in'ina yakan yi karatu tare da jama'a sumul, ba gargada. Ga dabara a hannun malami. A bar mai in'ina ya buɗe bayani tare da abokinsa murya ɗaya, sannan ya ci gaba shi kaɗai. A sa shi cikin na farko, domin dogon jira na ƙara ɗaure harshe. Ɗalibin kuma ya maimaita a gida gaban ƙannensa, ya kuma sanar da aji tun farko cewa yana in'ina, su dakata masa.

Abin da ya fi damuna shi ne malamin da ke cewa "zauna, an yafe maka". Wannan tausayin cuta ne, domin gobe yaron zai tsaya gaban wasu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Annabi Musa (AS) ma ya roƙi Allah ya kwance masa ƙullin harshe, kuma aka aike shi gaban Fir'auna.

Malamai, ku ba da maki a kan abin da ɗalibi ya sani. Kada ku ƙarasa masa kalma, ku jira shi ya kai ƙarshenta da kansa.