Ƙagaggun Labaran Al'ajabi na Matasa: Hanyar Karanta Su da Gurbinsu a Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da malaman Hausa suke kokawa da su akwai yadda ɗalibi kan yi sallama da littafin adabi da zarar ya fito daga ɗakin jarrabawa. Ya haddace jigo da salo da sunayen taurari, amma labari bai taɓa riƙe shi har ya hana shi barci ba. Ɗalibin da ya kammala sakandare a wannan hali da wuya ya sake buɗe littafin Hausa don kansa. Wannan maƙala za ta dubi wani rukuni na ƙagaggun labarai wanda ya yi fice wajen jan hankalin matasa, wato labaran al'ajabi, ta bayyana yadda aka gina su, sannan ta nuna yadda malami zai yi amfani da su ba tare da ya kashe daɗin da ke cikinsu ba.

2.0 Ma'ana da Asali

Labarin al'ajabi shi ne ƙagaggen labarin da aka gina bisa abin da ba ya faruwa a rayuwar yau da kullum, kamar dabba mai magana, ko zoben ɓacewa, ko wata duniya da ke ɓoye a bayan tamu. Akan ce na matasa ne idan an rubuta shi domin masu shekara 12 zuwa 18, kuma galibi tauraronsa sa'ansu ne.

A matsayinsa na rukuni mai zaman kansa a kasuwar littattafai, wannan nau'i ya bunƙasa ne a Ingila da Amurka. J.R.R. Tolkien ya fitar da The Hobbit a 1937, C.S. Lewis ya wallafa littattafan Narnia guda 7 daga 1950 zuwa 1956, Ursula Le Guin kuma ta fitar da A Wizard of Earthsea a 1968. Littattafan Harry Potter guda 7 na J.K. Rowling, waɗanda suka fito daga 1997 zuwa 2007, an sayar da fiye da kwafi miliyan 500 nasu, an kuma fassara su cikin harsuna sama da 80. Daga baya marubuta 'yan asalin Nijeriya da aka haifa a Amurka sun shigo fagen. Nnedi Okorafor ta fitar da Akata Witch a 2011, Tomi Adeyemi kuma ta fitar da Children of Blood and Bone a 2018, wanda ta ɗora bisa al'adun Yarabawa.

Wannan salo ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da Dodo sun riga boko zuwa. Gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda Rupert East ya jagoranta, ita ce ta samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukansu cike suke da aljannu da tafiye-tafiyen ban mamaki. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo sun bi sahu.

3.0 Dokar Duniyar Labari

Mutane da dama suna ɗauka cewa a labarin al'ajabi kome yana iya faruwa. Lamarin ba haka yake ba. A wata lacca da ya gabatar a Jami'ar St Andrews a 1939, Tolkien ya nuna cewa mai karatu yana amincewa da duniyar da marubuci ya ƙaga ne muddin ta tsaya bisa dokokin da ta kafa wa kanta. Da zarar marubuci ya karya su don ya fid da tauraronsa daga tsaka mai wuya, sai labarin ya yi lami.

Misalai za su fayyace wannan. A duniyar Earthsea, ba a iya sarrafa abu sai an san sunansa na ainihi, kuma duk wanda ya yi amfani da iko ya taɓa daidaiton duniya. Ged, tauraron labarin, girman kai ya sa shi ya yi abin da ya fi ƙarfinsa, ya saki wata inuwa da ta yi ta farautarsa har sai da ya gane cewa wani ɓangare ce na kansa. A Harry Potter, duk yawan siddabaru babu wanda yake mayar da matacce cikin rayayyu, don haka maraicin Harry bai da magani. A Akata Witch, Sunny, yarinya zabiya 'yar shekara 12 da ke zaune a Aba, ta shiga wata al'umma wadda kuɗinta kan zubo wa mutum ne kawai idan ya koyi sabon ilimi. A Ruwan Bagaja ma, Alhaji Imam bai sami ruwan da zai warkar da ɗan sarki ba sai bayan shekaru na yawon duniya da wahala.

Abin lura shi ne, a cikin dokar ne jigon labari yake kwance. Ɗalibin da ya gano abin da iko ba zai iya yi ba, da kuma ladan da ake biya kafin a same shi, ya riga ya kama jigo da hannunsa, ba sai an rubuta masa a allo ba.

4.0 Damuwar Iyaye

Wasu iyaye kan ƙi irin waɗannan littattafai saboda ambaton sihiri da tsafi. Wannan damuwa ba ta taƙaita ga ƙasarmu ba, domin a jerin da Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta fitar na littattafan da aka fi neman a janye daga 2000 zuwa 2009, Harry Potter ne a kan gaba. Bai kamata malami ya yi watsi da ita ba. Wajibi ne ya karance littafi tun daga farko har ƙarshe kafin ya ba ɗalibi, ya kuma bayyana wa iyaye cewa yaron da ya tashi da jin buɗewar tatsuniya da rufewarta ya san iyakar da ke tsakanin ƙage da gaskiya. Inda aka ƙi wani littafi, a musanya shi da wani, kada a soke karatun baki ɗaya.

5.0 Shawarwari

Na farko, a ware wani ɗan lokaci a jadawalin kowane mako, ko da minti 20 ne, domin karatun ganin dama, inda ɗalibi zai zaɓi littafinsa da kansa kuma ba za a ba shi maki a kai ba. Stephen Krashen, a littafinsa The Power of Reading na 1993, ya kawo hujjoji cewa irin wannan karatu yana faɗaɗa sanin kalmomi da iya rubutu.

Na biyu, a wajen tattaunawa malami ya taƙaita ga tambayoyi uku: Wace doka ce ke tafiyar da wannan duniya? Me tauraro ya rasa kafin ya sami biyan bukata? A ina marubuci ya kusa karya dokarsa?

Na uku, malamin Hausa da na Ingilishi su haɗa kai, ta yadda aji guda zai kwatanta tafiyar Alhaji Imam da ta Bilbo a The Hobbit.

Na huɗu, a sa ɗalibai su ƙaga tasu duniyar mai dokoki uku, su rubuta labarin shafi biyu wanda bai saɓa wa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na biyar, masu tsara manhaja su dubi littattafan yaƙi na adabin kasuwar Kano, waɗanda matasa suka daɗe suna karantawa ba tare da an tilasta musu ba. A tace su ta fuskar ƙa'idojin rubutu da dacewa da shekarun ɗalibi, a sanya nagartattun cikinsu a jerin littattafan ƙarin karatu.

6.0 Kammalawa

An nuna cewa labarin al'ajabi yana da tsari da doka, kuma bin diddigin dokar nan shi ne ƙofar nazari mafi sauƙi ga matashi. Saura da me, sai a samar da littattafan a ɗakunan karatu na makarantu, a kuma ba ɗalibi sararin karanta su. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Shekarun ƙaramar sakandare su ne lokacin da sha'awar labari take da ƙarfi, kuma a nan ne ya kamata manhaja ta fara wannan aiki.