Harshe, Tunani da Zaman Tare a Kudancin Kano

Matafiyin da ya bar birnin Kano ta hanyar Zariya, ya karya a Kwanar Ɗangora, ya bi ta Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har Doguwa, zai gama tafiyarsa da Hausa kaɗai. Da ita zai yi cinikin mota, da ita zai sayi rake, da ita zai tambayi hanya. Wannan sauƙi yakan sa a ɗauka harshe ɗaya ne a yankin, alhali ba haka ba ne. A rugage ana yaren Fulatanci. A ƙauyukan Doguwa da ke iyaka da Lere ta jihar Kaduna akwai Kurama da nasu harshen. A tsangayu da Islamiyyu Larabci ake karantawa, a kotun majistare da takardun gwamnati kuwa Turanci. Kowane harshe da wurin da ake shimfiɗa masa tabarma, kuma mutum ɗaya yakan ratsa uku a yini guda.

Harsunan nan ba 'yan gida ɗaya ba ne. Masana sun sa Hausa a dangin harsunan Cadi, reshen wani babban gida da ya haɗa har da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye. Fulatanci da Kuramanci suna wani gidan dabam, wanda ake kira Neja-Kongo. Ke nan a dangantakar asali Hausa ta fi kusa da Larabcin Makka nesa ba kusa ba, a kan Kuramancin maƙwabcinta, duk da cewa rijiya ɗaya suke sha.

To, shin wanda ya tashi da wani harshe tunaninsa ya bambanta da na wanda ya tashi da wani? Wasu masana biyu na Amurka, Edward Sapir da ɗalibinsa Benjamin Whorf, sun yi fice da wannan tambaya a farkon rabin ƙarni na 20. Daga baya wasu suka zafafa, suka ce abin da babu shi a harshenka ba za ka iya tunaninsa ba. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma ko ba a je jami'a ba an san haka: jariri yana gane fushin uwarsa kafin ya iya cewa komai, kuma maƙeri ya san ƙarfe ya nuna tun kafin ya samu kalmar da zai bayyana wa yaronsa. Abin da bincike ya fi goyon baya shi ne, harshe yana saba wa mutum da lura da wasu abubuwa, saboda kullum sai ya faɗe su.

Bahaushe ba ya iya yi wa mutum ɗaya magana bai fayyace namiji ne ko mace ba: ko dai ka zo, ko kin zo. Hatta rana da wata da tukunya sai an ba su jinsi. Fulatanci babu ruwansa da wannan. Wakilin suna ɗaya ne ga namiji da mace. Shi kuma ya kasa sunaye aji-aji har sama da ashirin, ya sa saniya da rana da wuta a aji ɗaya. Rashin bambanta jinsin nan shi ya sa Bafulatanin da ya koyi Hausa da girma yakan ce wa mace "ka", Bahaushe ya yi ta dariya, ya manta shi ma da za a sa shi ya jera azuzuwan nan da ya sha kunya. Makiyayi kuma yana da sunaye barkatai na launin shanu da fasalin ƙahonsu, wanda ke sa ya ware tasa ɗaya a cikin garke ya kwatanta ta ga wanda bai taɓa ganinta ba. Ba wai idonsa ya fi na manomi gani ba ne. Aikinsa ne ya kaifafa kalmominsa, kalmomin kuma suka kaifafa lurar ɗansa.

Haka batun kwatance. In za a sayar da gona a Ƙiru, cewa ake yi gabas ta yi iyaka da wane, kudu da burtali. Dattijo yakan ce wa yaro ya matsa yamma kaɗan, a cikin ɗaki. Akwai wata al'umma a arewacin Ostireliya da kusan ba ta amfani da dama da hagu, sai gabas da yamma da kudu da arewa, kuma an lura mutanenta ba sa rikicewa da jiha ko a baƙon wuri. Namu bai kai can ba, amma mutumin da ke neman alƙibla sau biyar a yini, yake kuma jin kwatance haka tun yana goye, da wuya gabas ta ɓace masa.

Aikin harshe bai tsaya ga isar da labari ba. Doguwar gaisuwar da ake yi kafin a shiga magana, a tambayi gajiya da iyali da sanyi, ba don neman rahoto ba ce, don kowa ya san amsar "lafiya lau" ce ko da mai amsawar yana kwance. Ana gwada zumunci ne, a ji ko yana nan. A kasuwar shinkafa ta Tudun Wada, mai kaya ba ya ce wa mai tayi "ban yarda ba", sai ya ce "albarka", ciniki ya ci gaba ba wanda ya ji zafi. Dagaci ana ce masa "ranka ya daɗe", malami "Allah gafarta malam". Matar da ba ta kama sunan mijinta, da uwar da ke kauce wa sunan ɗan farinta, da shirunsu suke bayyana matsayi. Shi kuwa wasan Kanawa da Zazzagawa, wanda ake sha a tashoshin wannan hanya, lasisi ne na faɗar maganar da in wani ya faɗa sai an raba faɗa.

Tarihin Bebeji ya nuna yadda harshe ke mayar da baƙo ɗan gida. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin Agalawa, fataken da masana tarihi ke danganta asalinsu da Buzaye. Sun zauna a ƙasar Kano, suka ɗauki Hausa, suka shahara a fataucin goro zuwa Gwanja. Lokacin da Ɗantata ya rasu a 1955 babu mai shakkar Hausancinsa. Fatake irinsu ne suka dasa Hausa a zangunan Salaga da Kumasi da Ankara ta Gana, inda ta zama harshen ciniki da na masallaci ga ƙabilu iri-iri, har ta sauƙaƙe a bakin wasunsu, bambancin namiji da mace ya yi rauni.

Sai dai wannan buɗaɗɗiyar ƙofa tana da kuɗin shiga. Bafulatanin da ya zauna a gari, jikokinsa sukan tashi da sunan Fulani ba tare da Fulatanci ba. Iyalin Kurama da ke ganin kasuwa da rediyo da siyasa duk da Hausa ake yinsu, suna iya wayar gari 'ya'yansu na jin yaren amma da Hausa suke amsawa. Ba wanda ya kafa doka. Kowa ya bi abin da zai fisshe shi ne. Amma in harshe ya tafi, yakan tafi da sunayen tsirrai da na duwatsu da tatsuniyoyin da ba a taɓa rubutawa ba. Bahaushen da ke kukan Turanci ya danne Hausa a ofis, ya kamata ya san haka Hausa take a kan ƙananan harsunan da ke gefenta.

Inda abin ya fi tsanani shi ne aji. A manufar ilimi ta 1977 Nijeriya ta amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare ba su gaza a Turanci ba. A Bebeji da Ƙiru manufar ta kasance tana nufin Hausa. A rugar gefen Falgore ko ƙauyen Kurama kuwa, yaro ɗan shekara shida yana shigowa da harshen gida, malami ya yi masa bayani da Hausa, jarrabawa ta zo da Turanci. In ya yi shiru a aji, sau da yawa ba lissafin ne ya gagare shi ba, tambayar ce bai ji ba.