Ƙara wa mota ƙarfin doki: Lissafin da ya kamata matasan jihar Maraɗi su yi kafin a kwance inji

Duk mai bibiyar TikTok ko YouTube ya san irin bidiyon: direba ya taka totur, taya na hayaƙi, an rubuta a ƙasa cewa injin na da ƙarfin doki 800. Waɗannan bidiyo sun isa wayoyin matasan Cadakori da Gidan Rumji da Agye da Gazawa, kamar yadda suka isa Kano da Abuja, inda ake wasan juya mota da tsofaffin BMW da Marsandi.

Sauya inji ba baƙon abu ba ne a garejin Maraɗi, domin makanikai sun daɗe suna ɗora wa tsohuwar mota injin da aka shigo da shi daga waje. Sabon abu shi ne burin ninka ƙarfin motar, sau da yawa da kuɗin da wani ya tara a ci-rani a Libiya ko Aljeriya ko Legas. A irin wannan aiki, inji ne ya kamata ya zo ƙarshe a jerin sayayya, ba farko ba.

Doki nawa ake nema?

James Watt ne ya fito da ma'aunin ƙarfin doki a ƙarni na 18, kuma doki ɗaya ya yi daidai da wat 746. Corolla ta yau da kullum tana tsakanin doki 100 da 140. Injin M54 mai lita 3 na BMW E46 yana ba da kusan 230. Injin V8 na Toyota mai suna 1UZ, wanda ya fito a Lexus LS400 a 1989, ya zo da 250 ba tare da turbo ba. Shi kuwa 2JZ na Toyota Supra, wanda fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya ƙara wa suna, ya fito daga kamfani da doki 320 a kasuwar Amurka.

Motocin da ake gani da 800 sun sha aiki: an sauya turbo, famfon mai, kuloci da giya, an kuma daidaita su da man fetur na musamman. Don haka tambayar farko ita ce inda motar za ta yi yawo. Motar da za ta bi kwalta zuwa Maraɗi, ta ratsa rairayin ƙauye, ta kai iyali biki, ba ta da inda za ta yi amfani da rabin wannan ƙarfi.

Zafi da ƙura

Injin fetur yana juya kusan kashi ɗaya cikin uku na man da ya ƙona zuwa motsi. Sauran zafi ne, wanda ke fita ta salansa da lagireto. Idan aka ninka ƙarfi, an kusa ninka zafin da dole a fitar.

A watannin Afrilu da Mayu zafin jihar Maraɗi yakan haura digiri 40. Iska mai digiri 40 ta gaza mai digiri 20 nauyi da kusan kashi 6 cikin 100, wato inji na samun ƙarancin iskar ƙona mai, lagireto kuma na fama da iska mai zafi. Turbo yana ƙara dagula lamarin, domin matsa iska na ƙara mata zafi. Ke nan babban lagireto, fanka mai ƙarfi, na'urar sanyaya iskar turbo da ta sanyaya baƙin mai duk suna cikin lissafi tun farko.

Sai kuma ƙurar hunturu. Buɗaɗɗiyar matatar iska da ake ƙawata inji da ita a bidiyo an yi ta ne don titunan da ba su da ƙura. A nan, rairayin da ya wuce ta yana cinye fikafikan turbo da zoben fistin, har inji ya fara shan baƙin mai.

Nijar ta taɓa zama makarantar wannan darasi. A hamadar Tenere ne Thierry Sabine ya ɓata a 1977, abin da ya haifar da tseren Paris zuwa Dakar, wanda ya yi shekaru yana ratsa Agadas. A wannan tsere, ba a kai Dakar da ƙarfi kaɗai, sai motar ta jure zafi da rairayi.

Mai shi ne alƙali

Inji mai turbo yana son fetur mai inganci iri ɗaya kullum. Idan man ya gaza, yakan kama da wuta kafin lokacinsa a cikin silinda, ya riƙa dukan fistin kamar guduma. Direba na iya jin ƙaramar ƙara kawai, amma cikin ɗan lokaci fistin ya narke ko gasket ya ƙone, sai a ce inji ya buga.

Yankin Maraɗi ya daɗe yana shan mai daga hanya biyu: matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, da kuma man Najeriya da 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalba. Cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023 ya sauya wannan kasuwa, sannan ƙarancin fetur na watan Maris 2025 ya nuna cewa gidan mai ma yakan ƙafe. Mai hankali zai sa a daidaita kwamfutar injin, wadda makanikai ke kira birenbos, da mafi ƙarancin ingancin man da zai iya tsintar kansa yana zubawa, ko da hakan zai rage masa doki.

Kayan gyara da mai gyara

Masu neman inji da kayansa sukan nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, kayan su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Wannan hanya ba ta da tabbas: Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Motar da ƙaramin kayanta sai an yo oda daga Dubai na iya wata da watanni a kan duwatsu.

Shi ya sa injin da kayansa suka wadata a kasuwa ya fi mai suna a bidiyo. A saye shi cikakke da wayoyinsa da birenbos da giyarsa, a auna matsin kowace silinda kafin a biya. A kuma tabbatar akwai mai haɗa wuta da zai iya aikin, domin a nan ne yawancin sauyin inji ke cijewa. Wanda ke aiko da kuɗi daga waje gara ya biya mataki-mataki, yana ganin rasit da hoton aiki.

Birki kafin totur

Babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Rumji, Tibiri, Cadawa, Agye da Gazawa zuwa Damagaram, ba filin tsere ba ce. Manyan motoci ne a kanta, da 'yan kabu-kabu, da amalanken shanu, da yara masu tallace-tallace, musamman ranar kasuwa.

Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana shafe mita 33 a daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafar direba ta kai birki. Idan gudu ya ninka, nisan tsayawa yakan ruɓanya sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya na kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Saboda haka tsarin aikin ya kamata ya fara da birki da sababbin tayoyi da shokozoba da bel, sai sanyaya inji da hanyar mai, sai kuloci da giya, sannan ƙarin ƙarfi. Haka nan a tuntuɓi ofishin sufuri da kamfanin inshora kafin a taɓa komai, domin motar da ta saɓa wa abin da ke rubuce a takardunta na iya jefa mai ita cikin rigima ranar da aka yi haɗari.

Hausawa na cewa tun ran gini, ran zane. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi birki da lagireto ba, bai kai ya sayi turbo ba. Gara ya bar motar yadda kamfani ya ƙera ta, ya ci gaba da tari.