Tarihi da Tsarin Gudanarwa na Gidan Rediyon KCRW na Kwalejin Santa Monica

Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai wani rukunin manyan makarantu da ake kira kwalejojin al'umma. Karatun shekara biyu ake yi a cikinsu, kuɗin makarantarsu da sauƙi, kuma ƙofarsu a buɗe take ga duk mazaunin yankin da ke son ƙaro ilimi ko koyon sana'a. Wasu daga cikinsu sun mallaki gidajen rediyo, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna shi ne KCRW, mallakar Kwalejin Santa Monica da ke kusa da birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya. Tarihinsa yana nuna yadda gidan rediyon makaranta zai iya ɗorewa idan masu sauraro suka ɗauke shi nasu.

Tarihin Kafuwa

An kafa Kwalejin Santa Monica a shekarar 1929. Shi kuwa gidan rediyon, asalinsa yana komawa ga shekarar 1945, lokacin da aka kawo ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. An kafa shi ne domin koya wa sojojin da suka dawo daga fagen fama aikin watsa shirye-shirye a kan zangon FM, wanda a wancan zamani sabon abu ne. A wannan shekara ce kuma Hukumar Sadarwa ta Tarayyar Amurka, wato FCC, ta keɓe farkon zangon FM ga tashoshin ilimi waɗanda ba na kasuwanci ba. Wannan kaso ya kama daga mita 88.1 zuwa 91.9, shi ya sa ake kama KCRW a kan mita 89.9.

A shekarar 1967 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta kafa hukumar tallafa wa kafofin watsa labarai na jama'a, wato CPB. Bayan shekara uku, a 1970, aka kafa NPR, haɗakar gidajen rediyon jama'a ta ƙasa, kuma KCRW na cikin tashoshin farko da suka shiga.

Duk da haka, tashar ba ta bunƙasa ba sai a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Ruth Seymour ta karɓi ragamarta. Ta shugabance ta fiye da shekara 30, har ta yi ritaya a 2010, Jennifer Ferro ta gaje ta. A zamaninta ne tashar ta tashi daga ɗan ƙaramin wurin koyon aiki ta zama muryar da ake ji a faɗin kudancin Kalifoniya, alhali ɗakunan shirye-shiryenta suna ƙarƙashin ƙasa a wani ginin kwalejin. Sai a 2019 ta koma sabon gini na musamman.

Shirye-shirye

Tashar tana haɗa abubuwa uku: labarai, al'adu da kiɗa. Labaran ƙasa da na duniya daga NPR take karɓar mafi yawansu, sannan ma'aikatanta su shirya na cikin gida. A fagen kiɗa, shirinta na safe mai suna Morning Becomes Eclectic, wanda aka fara a 1977, ya yi suna wajen gabatar da sababbin mawaƙa da kuma kaɗe-kaɗen wasu nahiyoyi, ciki har da na Afirka.

Har ila yau, bayan tarzomar da ta ɓarke a Los Angeles a 1992, tashar ta buɗe wani zauren tattaunawa ƙarƙashin ɗan jarida Warren Olney, inda shugabanni da talakawan birnin suke baje kolin matsalolinsu. Shirin ya ci gaba har zuwa 2016.

Yadda Ake Gudanarwa

Lasisin tashar yana hannun kwalejin, don haka hukumar gudanarwar kwalejin ce ke da alhakin bin ƙa'idojin FCC. Amma ayyukan yau da kullum ƙwararrun ma'aikata ne ke yin su, tare da taimakon 'yan sa-kai da ɗalibai masu neman sanin makamar aiki. Bugu da ƙari, akwai gidauniya ta musamman da ke tara wa tashar kuɗi. Domin isa ga garuruwa masu nisa kamar Santa Barbara da Palm Springs, ana amfani da ƙananan tashoshi masu maimaita shirye-shirye, baya ga watsawa ta intanet.

Doka ba ta yarda irin wannan tasha ta yi tallar kasuwanci ba. Kamfanin da ya ba da gudummawa ana iya ambaton sunansa da abin da yake yi, amma ba a faɗin farashin hajarsa, ba a kuma kiran mai sauraro ya je ya saya. Saboda haka babban abin dogaro shi ne gudummawar masu sauraro, waɗanda ke yin rajista a matsayin mambobi suna biyan abin da ya sauƙaƙa duk wata ko duk shekara.

Ƙalubale

A watan Yulin 2025 Majalisar Dokokin Amurka ta janye kimanin dala biliyan 1.1 da aka riga aka ware wa CPB, abin da ya sa hukumar ta sanar da cewa za ta rufe. KCRW ta rasa tallafin da take samu daga wannan hanya, kuma ta rage ma'aikata a wannan shekarar. Tashoshin da suka fi jin jiki su ne ƙananan na karkara, waɗanda kaso mai yawa na kasafinsu daga wannan tallafi yake fitowa.

Kammalawa

Kwaleji ce ta ba KCRW lasisi da mazauni, gwamnatin tarayya kuma ta tallafa mata na tsawon shekaru, amma masu sauraro ne suka riƙe ta. Yanzu da tallafin tarayya ya yanke, ɗorewar tashar ta rataya ne a kan yawan mutanen da za su ci gaba da ganin cewa abin da suke ji ya cancanci su biya.