3.2 Bambanci Tsakanin Wasan Gini na Ganin Dama da Wasan Kafa Daula

Waɗannan nau'o'i biyu na wasannin kwamfuta sun yi tarayya a kan abu guda, wato gini, shi ya sa mutane da dama ke ɗaukar su abu ɗaya. Sai dai idan aka yi nazari za a ga bambancinsu ya ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: wane ne ke tsara manufar wasan?

Wasan gini na ganin dama shi ne wanda Turawa suka raɗa wa sunan akwatin yashin da yara ke wasa a ciki. Fitaccen misalinsa shi ne Minecraft, wanda Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 2009, cikakkensa kuma ya fito a 2011. A cikinsa ɗan wasa yana sarrafa mutum ɗaya ne, yana haƙar ƙasa da dutse, yana sare itace, yana gina abin da ransa ya so. Ko ya kashe dodon da ke matsayin ƙarshen labari, wasan yana ci gaba. Ke nan ginin shi ne manufa, mai wasa kuma shi ke yanke wa kansa lokacin da ya gamsu.

Shi kuwa wasan kafa daula, mai ƙirƙirarsa ne ke gindaya sharaɗin nasara. A Civilization, wanda Sid Meier ya tsara a 1991, ɗan wasa yana farawa ne daga shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa, ana yin sa bi-da-bi, kuma ana cin nasara ta hanyar murƙushe sauran dauloli ko riga su aika kumbo zuwa wani tauraro. A Age of Empires na 1997 babu jiran juna: kowa na tara abinci da itace da zinariya da dutse a lokaci guda. A nan gini hanya ce kawai. Ganuwa ko kasuwa ko barikin soja, kowanne ana gina shi ne don rinjayar abokin gaba, wanda ya ɓata dukiya wajen ƙawa kuwa yakan sha kaye.

Wannan bambanci yana da tasiri a kan yadda ake nuna tarihi. A 2021 an shigar da Hausawa cikin Age of Empires III, a 2025 kuma Sarauniya Amina ta Zazzau ta zama ɗaya daga cikin shugabannin Civilization VII. Tun da ƙa'idar waɗannan wasanni gasa ce, abin da suka fi fitowa da shi daga tarihin al'umma shi ne yaƙi da kasuwanci da faɗaɗa ƙasa. Mai Minecraft kuwa yana iya sake gina ganuwar Kano don sha'awa kawai, amma wasan ba zai gaya masa dalilin da ya sa aka gina ta ba.

A taƙaice dai, na farko yana horar da ƙirƙira, na biyu kuma yana horar da tsari da lissafin riba da asara.