Osiloskof mai tsada ko mai araha: ina kuɗin mai gyara ya kamata ya tafi?

Inbatar sola ta dawo shago karo na biyu. Maltimita ta nuna bolt 220 daidai, amma mai kayan ya ce fankarsa na gurnani, firiji kuma na zafi. Irin wannan matsala ce ke sa matasa masu gyaran kayan lantarki a Yamai, Maraɗi da Damagaram neman osiloskof, na'urar da ke zana wutar lantarki a allo yadda take hawa da sauka. Maltimita lamba kawai take bayarwa. Osiloskof kuwa yana nuna ko wutar na tafiya sumul kamar igiyar ruwa, ko kuwa hawa-hawa take kamar matakala, abin da ke wahal da injin fanka da na firiji.

Sai dai farashin ya sha bamban ƙwarai. Manyan kamfanoni irin su Tektronix na Amurka, wanda aka kafa a 1946, da Keysight, da Rohde & Schwarz na Jamus, na sayar da akasarin na'urorinsu daga dubban daloli zuwa sama. Mafi ƙarfi cikin jerin UXR na Keysight, mai gigahaz 110, ya haura dala miliyan guda. A ɗaya gefen akwai kamfanonin Sin kamar Rigol da Siglent. Samfurin Rigol DS1054Z, mai tashoshi huɗu da megahaz 50, ya yi suna ne da farashin kusan dala 400, wato sama da jika 200 na sefa, ban da kuɗin dako da na duwan.

Mai sayen na tsada yana biyan saurin kama sigina, da ingancin awo mai takardar shaida, da garanti, da manhajoji na musamman. Waɗannan abubuwa ne da masana'antun waya da ɗakunan bincike ba sa iya aiki ba tare da su ba. Wutar gida kuwa sau 50 kacal take juyawa a daƙiƙa, kuma akasarin caja da inbata ba sa wuce dubban ɗaruruwa. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce ƙarfin na'ura ya ninka siginar da ake aunawa sau biyar. Ke nan megahaz 50 zuwa 100 sun ishi mai gyaran talabijin, rediyo da kayan sola.

Amma araha ma tana da iyaka. Ƴan ƙananan nan na aljihu, irin DSO138 mai kilohaz 200, sun dace da ɗalibi mai koyo, ba da shagon da ake cin abinci da shi ba.

Akwai kuma hatsarin da tsada ba ta magancewa. Maƙalin ƙasa na osiloskof ɗin tebur a haɗe yake da wayar ƙasa ta soket. Wanda ya maƙala shi a waya mai wuta zai ƙona na'urar, ko ya ji wa kansa rauni. Aikin wutar Nigelec na buƙatar tsinken awo na musamman mai auna bambanci tsakanin wayoyi biyu, kuma shi ma da kuɗinsa.

Ga ɗan ci-rani da ke son aiko wa ƙanensa jari, lissafin a fili yake: matsakaiciyar na'ura da tsinke mai kyau, sauran kuɗin kuma a saka su a koyon karanta abin da allon ke nunawa.